Bayan Alhamra Akwai Tsauni: Turbobin Sierra Nevada da Haƙƙin Masu Binsu

Bismillahir Rahmanir Rahim.



Duk wanda ya taɓa ganin hoton fadar Alhamra ta birnin Garnaɗa, wato Granada kamar yadda ake rubutawa a taswira, a kudancin Sifaniya, to ya ga wani dogon tsauni a bayanta, kansa fari fat da ƙanƙara, ko da bai kula da shi ba. Matasanmu da Allah Ya hore wa zuwa can, ɗalibai ne a Turai ko masu ziyara, akasari iyakarsu fadar: su karanta rubutun Larabcin da ke jikin gine-gine, su ɗauki hoto, su yi ajiyar zuciya a kan abin da ya kuɓuce a 1492, su yi salla a masallacin unguwar Albaicín da aka buɗe a 2003, sannan su nufi tashar mota. Wannan ba laifi ba ne. Amma a ganina, wanda ya tsaya a nan bangon littafi kawai ya karanta ya mayar da shi kan kanta. A yau ina son in ja ka, ya mai karatu, mu haura wancan tsaunin, mu duba turbobin da ake bi a ƙafa da waɗanda ake bi a kan keke, da garuruwan shaƙatawa da ke rayuwa da su, da kuma wata rigima da ke ƙara zafi a kansu wadda na ga ta shafe mu.

Sunan jerin duwatsun Sierra Nevada, ma'ana duwatsu masu ƙanƙara. Larabawan Andalus kan kira shi Jabal Shulair. Ƙololuwarsa mafi tsawo ita ce Mulhacén, mita 3,479, babu wadda ta kai ta a duk tsibirin Iberiya. Mai bi mata ita ce Veleta, wadda ta gaza da kimanin mita 80 kacal. A 1986 hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren da ake kare halittunsu, a 1999 kuma gwamnati ta mayar da samansa gandun ƙasa mai faɗin kimanin hekta 86,000.

Tsaunin fuska biyu gare shi, kuma halinsu ya sha bamban. A fuskar arewa, wadda ke kallon Garnaɗa, akwai Pradollano, garin da aka gina takanas domin masu wasan zamiya a kan ƙanƙara, a tsayin kimanin mita 2,100, tafiyar kilomita 30 da 'yan kai daga birni. Otal-otal ne da shaguna da keken-igiya mai ɗaukar mutane zuwa sama. A nan aka shirya yin gasar duniya ta zamiyar ƙanƙara a 1995, sai ƙanƙarar ta ƙi sauka, dole aka ɗage gasar zuwa 1996. A shekarar 2000 kuma a nan aka yi gasar duniya ta tseren keken hawan dutse. Gari irin wannan, da ƙanƙara ta narke kasuwarsa ta watse, shi ya sa masu shi suke neman abin da zai riƙe baƙi a watannin zafi, kuma abin da suka samu shi ne mai tafiyar ƙafa da mai keke. Daga Garnaɗa akwai titi da ke hawa sama da kilomita 40 har kusa da kan Veleta, wanda ake lissafa shi a matsayin titin kwalta mafi tsayi a Turai. Motocin jama'a iyakarsu shingen Hoya de la Mora, a mita 2,500. Daga nan sai ƙafa, sai keke, sai motar hukuma. Masu keke daga ƙasashe daban-daban suna zuwa domin wannan hawan kaɗai. Na ga dattawa masu furfura suna murza feda a wurin da ni numfashina ke yankewa ina tafiya a ƙasa, na ce lallai ƙarfi ba a gemu yake ba.

Ban daɗe a Pradollano ba, domin a lokacin zafi gari ne mai kama da kasuwa ranar da ba ta ci.

Fuskar kudu ita ce ta kama zuciyata. Yankin ana kiransa Alpujarra, Larabawa suna cewa Albusharrat. Daga Garnaɗa mota kan ɗauki kusan awa biyu, ta ratsa Lanjarón, garin da ya yi suna da ruwan marmaro, ta yi ta nannaɗe jikin dutse kamar rawani har ta shiga kwarin kogin Poqueira, inda ƙauyuka uku suke a jere, wani a saman wani: Pampaneira, Bubión, da Capileira a can ƙarshe, a tsayin mita 1,436. Gidajensu farare ne, rufinsu shimfiɗaɗɗe kamar soro, an jera azara da faifan dutse an daɓe da wata ƙasa mai launin toka da ba ta barin ruwa ya ratsa. Irin wannan gini a duwatsun Maroko aka fi saninsa. Lungunan ƙanana ne, wasu an rufe samansu, ruwa kuma yana gudu a tsakiyar wasu. A yau Capileira da baƙi take rayuwa: masaukai, gidajen abinci, masu sayar da dardumar saƙa, masu ba da hayar keke, da jagororin hawan dutse. Daga bakin garin turbobi suke watsuwa ta ko'ina.

Manya daga cikinsu biyu ne. Akwai Sulayr, wadda aka ɗauko sunanta daga wancan sunan Larabci, turbar ƙafa mai kimanin kilomita 300 da ta kewaye tsaunin gaba ɗaya, an kasa ta zango 19. Akwai kuma Transnevada, wadda aka tsara domin keke, kimanin kilomita 450 a zango 8, mafi yawanta a kan faffaɗan hanyoyin ƙasa. Ban da su akwai ƙananan zagaye na rabin wuni ko wuni guda, kamar wanda ke bi ta La Cebadilla, unguwar da aka gina wa ma'aikatan tashar lantarki aka kuma bar ta kufai. Sannan akwai tsohuwar hanyar mota da ta haɗa Capileira da Veleta ta saman tsauni, wadda aka rufe wa motocin jama'a; mai keke mai ƙarfin hali zai iya tasowa daga Garnaɗa da asuba, ya ƙetare a sama da mita 3,200, ya gangaro Capileira da yamma.

Abin da allunan hukuma ba su cika nanatawa ba shi ne, kusan babu ɗaya daga cikin ƙananan turbobin nan da aka fasa domin shaƙatawa. Ƙafar manomi da kofaton alfadari ne suka fitar da su. Wata ta nufi gona, wata ta nufi masussuka (har yau za ka ga masussukai zagayayyu da aka daɓe da dutse a inda iska ta fi kaɗawa), wata burtali ce ta hawa da dabbobi makiyayar sama. A fuskar arewa akwai wadda ake kira hanyar masu ƙanƙara, domin a da akwai mutanen da sana'arsu ke nan: su hau da alfadarai da rana, su loda ƙanƙara, su gangaro da ita cikin dare kafin ta narke, su sayar a Garnaɗa. Sana'ar ta mutu a farkon ƙarni na 20 da aka fara yin ƙanƙara da inji, turbar kuma ta saura. Mu da muke zuwa da sababbin takalma da jakar baya, baƙi ne a kan gumin wasu.

Amma mafi ban mamaki a cikin turbobin su ne waɗanda suke bin gefen magudanan ruwa. A nan zan ɗan daɗe, don sai an fahimci wannan za a gane inda rigimar take.

Mutanen wurin suna kiran magudanar ban ruwa acequia, kalmar da ta fito daga Larabci, as-saƙiya, kamar yadda sunan tafkin tara ruwa a wurinsu, alberca, ya fito daga al-birka. Matsalar wannan tsauni ita ce ruwansa yana zuwa ne a lokaci guda. Ƙanƙara kan taru a hunturu, ta narke tsakanin Maris da Yuni, ta kwararo da gudu zuwa Bahar Rum, wanda ba shi da nisa; daga Yuli zuwa Satumba kuwa da ƙyar ake ganin ɗigon ruwan sama, alhali a lokacin ne shuka ta fi buƙata. Dabarar da manoman zamanin Musulmi suka bunƙasa ita ce su tare ƙoramu tun daga can sama, a wajen mita 2,000 ko fiye, su karkatar da ruwan cikin magudanar da aka haƙa a jikin gangara, tana tafiya a kwance, da ɗan karkata kaɗan yadda ruwan ba zai yi gudu ba kuma ba zai tsaya ba. Ba a shafe ta da siminti, ƙasa ce da dutse, kuma da gangan ake barinta tana yoyo. A wasu wurare da magabata suka gano ƙasar tana shan ruwa, sai a buɗe masa ya malala ya nutse. Ruwan ya shige cikin tsagogin dutse yana tafiya a hankali, bayan makonni ko watanni ya ɓulɓulo a maɓuɓɓugan da ke kusa da ƙauyuka, daidai lokacin da kogi ya ja baya. Su da kansu suna kiran wannan aiki shuka ruwa. Ka ji fa, shuka ruwa! A shuka shi a sama a watan Afrilu, a girbe shi a ƙasa a watan Agusta. Masu binciken ƙasa sun gano cewa wasu daga cikin magudanan nan suna aiki tun kusan ƙarni na 11. Kuma saboda wannan yoyon ne gefen turbar yake kore shar, da manyan itatuwa masu inuwa, alhali taku ashirin sama da ita ƙaya ce da tsakuwa.

Waɗanda suka gina wannan tsari sun ga ƙarshe mai ɗaci. Bayan faɗuwar Garnaɗa, an ba sarki na ƙarshe, Abu Abdullahi Muhammad, wanda Turawa ke kira Boabdil, wani yanki a Alpujarra, amma a 1493 ya haye zuwa Fas. Talakawa suka zauna. Aka tilasta musu canja addini. A 1567 Sarki Filibus na Biyu ya haramta musu harshen Larabci da tufafinsu da al'adunsu. A ƙarshen 1568 suka yi tawaye a cikin waɗannan duwatsu, yaƙi ya ci har 1571, kuma ɓangarorin biyu sun zubar da jinin da bai kamata ba. Aka kwashe kimanin mutum 80,000 daga masarautar Garnaɗa aka warwatsa su a cikin Sifaniya, daga 1609 zuwa 1614 kuma aka kore su daga ƙasar baki ɗaya. Aka kawo waɗansu mutane daga wasu sassa suka zauna a ƙauyukan. Sababbin mazaunan sun gaji magudanan, kuma jikokinsu ne suke riƙe da su har yau, ta hanyar ƙungiyoyin manoma masu raba ruwa bisa layi, kowa da ranarsa da awoyinsa.

Daga Capileira akwai zagaye na wuni guda cur da ke bin biyu daga cikinsu, ta sama da ta ƙasa. A kan wannan turba na haɗu da wani tsoho da fartanya a kafaɗa. Ba na jin harshensa sai kalmomi 'yan kaɗan, shi ma ba ya jin nawa. Na tsaya ina kallonsa ya ɗaga wani faifan dutse daga bakin magudana, ya toshe wani gefen da ciyawa da laka, ruwa ya juya ya nufi gonarsa kamar an yi masa magana. Sai ya nuna mini wani wuri a gaba kaɗan inda gaɓar magudanar ta zabge, ga sawun taya a kai ƙarara, ruwa yana tsiyaya ta inda ba a so. Ya girgiza kai, ya sunkuya ya fara gyara. Ba a buƙatar tafinta a nan.

To ga inda rigimar take. Keken hawan dutse na zamani abin sha'awa ne: taya mai kauri mai haƙora, birki mai kama ƙarfe nan take, da abin da ke shanye gargada gaba da baya. Na ɗauki hayar ɗaya na wuni guda, na hau hanyar ƙasa zuwa shingen Hoya del Portillo na gangaro, kuma ba zan ɓoye maka ba, daɗin gangarowar nan, iska tana dukan fuska, ƙamshin itatuwa yana shiga hanci, yana da wuyar misaltawa. Don haka ba ni cikin masu yi wa 'yan keke kallon 'yan ta'adda. A kan faffaɗar hanya keke ba ya ɓata komai, kuma ya fi mota alheri nesa ba kusa ba. Ɓarnar tana faruwa ne a kan siririyar turba mai gangara. Mai keke ya danne birkin baya, taya ta daina juyawa ta ja ƙasa, ta bar ɗan layi. Na biyu ya bi, na goma ya bi. Ranar da aka yi ruwan sama, ruwa ya sami hanya a wannan layi ya mayar da shi kwazazzabo, ya tono duwatsun da aka jera shekaru aru-aru domin kofaton alfadari. Gaɓar magudana kuwa ƙasa ce mai laushi da danshi, faɗinta wani wurin bai fi kamu biyu ba. A da, wahalar hawa ita ce ke tace mutane: sai mai ƙarfi yake kaiwa sama. Yanzu akwai keke mai batir, kowa yana iya kaiwa, kuma ya fi nauyi. Sannan ga manhajojin waya irin su Wikiloc da Strava: mutum ɗaya ya bi ta inda bai dace ba ya ɗora sawunsa a intanet, gobe baƙi goma su bi wannan layin da ke kan wayarsu, suna zaton hanya ce halastacciya. Dokar gandun ta hana barin hanya a tsaga fili da keke, amma tsauni yana da faɗi, masu gadi kuma 'yan kaɗan ne.

Sai dai adalci ya sa in faɗi cewa mu masu tafiyar ƙafa ma ba tsarkaka ba ne. Mu ne muke yanke kwana don mu rage taku talatin, mu buɗe sabuwar kafar zaizaya. Mu ne muke barin takardar goge-goge a bayan kowane babban dutse. A saman tsaunin akwai tsirrai sama da iri 2,000, gommai daga cikinsu ba a samunsu a ko'ina a duniya sai nan. Ɗaya daga cikinsu, wani ɗan ganyen shayi da suke kira manzanilla real, tsinka da hannu ce ta kusa ƙarar da shi, har sai da doka ta hana taɓa shi. Ba taya ce ta yi wannan ba. Haka korayen makiyayu masu danshi da ke kewaye da ƙananan tafkunan sama, tanti ɗaya da aka kafa a kansu ya isa ya bar tabo.

Da nake juya wannan a raina, sai na ga mu Musulmi ba mu da uzurin cewa abin sabo ne a gare mu. Tun muna yara aka karantar da mu cewa hanya tana da haƙƙi, cewa kame cuta daga masu wucewa da amsa sallama suna cikin haƙƙinta, cewa kawar da ƙaya daga hanya reshe ne na imani, kuma an tsananta hani a kan yin bayan gida a kan turba ko a inuwar da mutane ke hutawa ko a mashayarsu. Killace fili don maslahar jama'a ma, abin da ake kira hima, Annabi (SAW) ya yi shi a Naƙi'i, Sayyidina Umar ya yi a Rabza. Kuma ga wani abin da ya sa ni murmushi: littafin Tuhfatul Hukkam, wanda alƙalanmu na Arewa suke hukunci da shi har gobe, kuma yake da babi sukutum a kan cutar da maƙwabci da yadda ake gusar da ita, mai shi Abubakar Ibn Asim alƙalin Garnaɗa ne, ya rasu a 1426.  Wato fiƙihun da muke karantawa a zaure an rubuta wani sashensa ne a inuwar dutsen nan, a cikin al'ummar da rabon ruwa yake batun rai da mutuwa a wurinta.

Hukuncina a kan rigimar, in an tambaye ni, shi ne wanda ya fi gudu shi ya fi ɗaukar nauyi. Mai keke ya sassauta tun daga nesa, ya yi magana ko ya kaɗa ƙararrawa, ya tsaya wa mai ƙafa, dukansu biyu kuma su tsaya wa mai dabba, su koma ta gefen gangara don kada alfadari ya firgita. A bakin magudana kuwa, ni ban ga hujjar hawa keke ba sam, ko da babu allon hani. A sauka a tura, ko a canja hanya. Wani saurayi ya taɓa wuce ni a wata kwana da gudun da sai da na manne da dutse, ko waiwaye bai yi ba. Bayansa da minti kaɗan wasu mutum uku suka zo, suka taka birki, suka gaishe ni, suka jira na wuce. Keke iri ɗaya suke hawa.

Yanzu bari in ce wani abu ga ɗan uwan da ya ji sha'awar zuwa. Abinci shi ne jarrabawa ta farko. Alpujarra ta yi suna ne da busasshen naman alade, musamman garin Trevélez, kuma abincin da suke alfahari da shi cike yake da shi. Har miya da wake ana jefa musu. Ka tambaya kafin ka ci, ka dogara da ƙwai da kifi da burodi da cuku da zaitun, ka kuma yi guzurin dabino da gyaɗa tun daga Garnaɗa, inda shagunan halal suke da yawa. Salla kuwa ba ta da wuya, sai dai lokutanta za su ba ka mamaki: a ƙarshen Yuni azahar tana shiga bayan ƙarfe biyu, rana kuma ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi na dare. Alƙibla tana gabas, da ɗan karkata kaɗan zuwa kudu. Ruwan alwala ka ɗebo a gora ka matsa gefe, kada ka wanke ƙafa a cikin magudana, domin wani yana jiransa a ƙasa. A can sama inda babu ruwa, ko sanyi zai cutar, malamanmu na Malikiyya sun halatta taimama a kan dutse, dutse kuwa ba a rasa shi a nan. Ban taɓa jin daɗin sujada kamar a kan wani shimfiɗaɗɗen falalen dutse a saman Capileira ba, babu ƙarar komai sai ruwa da ƙararrawar awaki daga nesa.

Kada kuma ka raina tsaunin don yana kudancin Sifaniya. Duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da kimanin digiri 6, a kan ƙololuwa kuma iskar da kake shaƙa ba ta wuce kashi biyu cikin uku na wadda ke bakin teku ba. Ciwon kai da jiri da kasala alamu ne, maganinsu gangarowa. Hadari kan taso da rana tsaka ba sallama. A watan Maris na 2006 wasu 'yan Birtaniya uku sun mutu da sanyi kusa da kan Mulhacén. Jikinka amana ce, kuma masu ceto da za su fito nemanka su ma suna da iyali. Ka tashi da wuri, ka ɗauki rigar sanyi ko da a Yuli ne, ka gaya wa mai masaukinka inda za ka da lokacin da za ka dawo. Mai keke kuma kada ya bar hular kwano. 'Yan uwa mata da ke tunanin ko shigarsu za ta hana su, su sani cewa a wannan tsayi rana tana ƙona fata, masu hankali duk rufe jiki suke yi.

A watannin zafi akwai ƙaramar motar hukumar gandun da ke ɗaukar mutane daga Capileira zuwa wajen mita 2,700, daga nan hawan awa biyu zuwa uku ne a kan doron dutse mai faɗi, babu buƙatar igiya. Za ka iya cin karo da awakin dutse masu manyan ƙahoni, waɗanda suka saba da mutane har suna leƙa jaka. Kada ka ba su komai. Sunan Mulhacén daga Maulaya Abul Hasan Ali ne, mahaifin Abu Abdullahi, wanda ya rasu a 1485 bayan ya yi shekaru yana rikicin sarauta da ɗansa, a daidai lokacin da abokan gaba suke cinye garuruwansu ɗaya bayan ɗaya. Almara ta ce ya gaji da mutane ya nemi a binne shi a inda ba mai iso gare shi. Babu wanda ya taɓa ganin kabarin. Abin da ke kan ƙololuwar a yau shi ne ginshiƙin awon ƙasa, da kufan ɗakunan dutse, da wani ɗan gurbi na Kiristoci, waɗanda suke hawowa daga Trevélez duk ranar 5 ga Agusta domin bikinsu na addini. In sararin sama ya yi garau, ana hango teku, har da duwatsun Maroko a hayinsa.

Na san wasu daga cikinmu in suka tsaya a irin wannan wuri sai zuciya ta fara raya musu cewa duk nan namu ne aka ƙwace. Tarihin zaluncin gaskiya ne, kuma ban ce a manta da shi ba. Amma tsohon nan mai fartanya ba Filibus ba ne. Shi da iyayensa da kakanninsa sun fi shekara 400 suna yashe magudanar da Musulmi suka haƙa, kuma da sun yi sakaci na shekaru goma kacal da ta cike da ƙasa ta ɓace, kamar yadda da yawa suka ɓace tun daga shekarun 1960, lokacin da matasan ƙauyukan suka watse zuwa birane neman aiki. Yanzu da ƙanƙarar take raguwa kuma take narkewa da wuri, hankali ya fara dawowa kansu. Tun daga 2014 wata tawaga ta Jami'ar Garnaɗa, ƙarƙashin masanin kufai José María Martín Civantos, take haɗa kai da ƙungiyoyin manoma tana farfaɗo da magudanan da aka yi watsi da su, sun fara da ta Barjas a ƙauyen Cáñar. Aikin gayya ne: ɗalibai da 'yan sa-kai su taru da shebur da fartanya, manoma su nuna musu inda tsohon layin yake, a yi ta haƙa har ruwa ya biyo. Akan yi shi ne a ƙarshen hunturu da farkon narkewar ƙanƙara, kafin a saki ruwa, kuma ba a tambayar mai zuwa addininsa ko ƙasarsu. Ɗalibin da ke karatu a Turai, wanda hutunsa ya faɗo a Maris ko Afrilu, zai iya neman sanarwarsu ya ba da wuni ɗaya. Takalmi mai ƙarfi da safar hannu kawai zai tanada, kayan aiki suna can.

Wassalamu alaikum.